Fankar Lantarki ko Fankar da Inji Ke Ja: Wacce Ta Dace da A-kori-kura Mai Aikin Wahala?

Duk mai a-kori-kurar da allurar zafinta ta taɓa hawa a kan tudu ya san shawarar da ake saurin ba shi: cire wannan tsohuwar fankar da inji ke ja, ka sa ta lantarki. Wai za ka samu ƙarin ƙarfi, ka rage shan mai, ka huta da gurnani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ga motar da ke yawo fayau a cikin gari. Wadda ake labta wa tan guda a baya, ko a ɗaura mata tirela ta hau dutse a giya ta biyu, lissafinta daban ne, kuma mutane da yawa sun kashe kuɗinsu sun sayo wa kansu matsalar da da can ba su da ita.

A cikin man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin da ke juya tayoyi. Wani kason ya fice ta salansa, sauran kuma ruwa ne ke kwaso shi ya kai lagireto, iska ta ɗauke shi daga can. Idan mota tana gudun da ya haura kilomita 50 zuwa 60 a sa'a ba tare da nauyi ba, iskar da ke bugo hancinta ta wadatar, fanka ba ta da wani aiki. Wurare biyu ne ake neman ta. Na farko, mota a tsaye tana silo: zafin da inji ke fitarwa kaɗan ne, amma babu iska ko kaɗan. Na biyu, hawan tudu da kaya a hankali: an take totur har ƙasa, inji yana fitar da iyakar zafin da zai iya, ga shi gudun bai kai ya kawo iska ba. Fankar lantarki gwana ce a wuri na farko, fankar inji kuma a na biyu. Kafin ka taɓa komai, ka san a wanne ne motarka ta fi daɗewa.

Da yawan masu kushe fankar inji suna magana ne a kan irin ta da, wadda ake ɗaurewa kai tsaye a kan famfon ruwa, tana juyawa daidai da inji ko ana bukatarta ko ba a bukata. Wannan kam ɓarna ce. Amma abin da ke cikin yawancin a-kori-kura na shekarun nan fanka ce mai kuloci. A tsakiyarta akwai wata cibiya ta alminiyam mai ɗauke da man silikon mai kauri, a goshinta kuma wani ɗan naɗaɗɗen ƙarfe da ke murɗawa idan ya ji zafi. Muddin iskar da ke fitowa daga lagireto ba ta yi zafi ba, man yana ɓoye a ɗakinsa, fankar tana lilo ne kawai, da kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na gudun sandar da ke jan ta. Da zarar iskar ta kai wajen digiri 75 zuwa 80 a ma'aunin Salsiyas, ƙarfen ya murɗa, ƙofa ta buɗe, man ya kwararo tsakanin farantai biyu ya riƙe su. Nan take fankar ta kama, kashi 60 zuwa 70 a kuloci na gama-gari, har 80 zuwa 90 a irin na aikin nauyi. Wannan ne rurin da direba ke ji a tsakiyar hawa, kamar jirgi zai tashi. Wasu na tsorata da shi su ɗauka giya ce ke zamewa, alhali alamar lafiya ce. Haka ma gurnanin minti ɗaya ko biyu da take yi da safe: man ne ya kwanta cikin dare, yana komawa mazauninsa sai ta yi shiru.

Sababbin manyan motocin dizal sun ƙara gaba. Maimakon wancan naɗaɗɗen ƙarfe, kwamfutar mota ce ke buɗe ƙofar man, bayan ta duba zafin ruwa, zafin man giya, zafin iskar da tobo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) ke turawa da matsin iyakwandishan. Ford ta sa irin wannan a injin Power Stroke mai lita 6.0 tun 2003. Lantarki ke ba da umarni, amma ƙarfin juyawar daga fambel yake zuwa.

Batun ƙarfin nan shi ne zuciyar maganar, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Babbar fankar lantarki ta mota tana jan kamar amfiya 30 zuwa 40. Ka ninka 40 da bolt 14 da altaneta ke bayarwa, ka samu wat 560. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, ke nan fankar da ake yi wa kirari a matsayin ƙatuwa ba ta cika doki ɗaya ba. Ko sababbin nan marasa burushi, masu wat 600 zuwa 850, da ƙyar suke haura doki guda. Fankar inji kuwa a babbar motar dizal, idan kulocinta ya kama sosai inji kuma yana sama, takan cinye dawaki goma ko fiye. Masu tallan fankar lantarki suna kawo wannan adadi a matsayin asara. A kan tudu ba asara ba ce, kuɗin iska ne ake biya.

Dalili kuwa, iska tana da tsada. A dokar fanka, idan kana son ka ninka yawan iskar da take ja sau biyu, sai ka ninka gudunta sau biyu, ƙarfin da za ta ci kuma ya ninku sau takwas. Saboda haka fanka mai cin dawaki goma ba ta ba da iska ninki goma na mai cin doki ɗaya da ɗoriya, ninki biyu ne ko ɗan fiye. Wani zai ce ashe ma ba yawa. To, wannan ninki biyun shi ne tazarar da ke tsakanin allura ta tsaya a digiri 100 da ta wuce 115 tana ci gaba da hawa. Idan kuma ka ce sai ka samu dawaki goman nan ta hanyar lantarki, kana maganar wat 7,460 ne, wato amfiya fiye da 500 a tsarin bolt 12. Altanetar a-kori-kura ta yau da kullum tana tsakanin amfiya 80 zuwa 150, manyan su kai 200 da wani abu. Babu inda lissafin zai haɗu.

Akwai kuma wata dacewa da fankar inji ke da ita wadda ba a cika lura da ita ba. Lokacin da direba ya sauko zuwa ƙaramar giya don ya hau da kaya, gudun inji yana tashi zuwa juyi 3,000 ko fiye a minti, fankar da famfon ruwa su tashi tare da shi. Daidai lokacin da zafi ya fi yawa, daidai lokacin iska ta fi yawa. Ta lantarki iyakarta iyakarta ce: abin da take bayarwa a silo, shi za ta bayar a tsakiyar dutse.

Kada adadin da aka buga a jikin kwali ya ruɗe ka. Za ka ga an rubuta CFM 2,500 ko 3,000, ma'aunin yawan iskar da fanka ke turawa a minti. Sau da yawa an auna shi ne fankar tana sarari, babu komai a gabanta. A cikin mota kuwa sai ta zuƙo iska ta cikin kondensar iyakwandishan, ta cikin intakula, mai sanyaya iskar tobo, idan akwai tobo, ta cikin ƙaramin lagireton man giya, sannan babban lagireto mai kauri, wanda ƙila ƙura da ƙwari sun toshe rabin ramukansa. Kamar mai shan kunu mai kauri ne ta tsinken shan lemo: ba faɗin baki ake nema ba, ƙarfin zuƙa ake nema. Siraran fankokin nan masu araha, da ƙaramin moto mai jan amfiya 8 ko 10, suna rasa kaso mai yawa na iskarsu da zarar an sa musu wannan jerin a gaba. In har za ka kwatanta fankokin lantarki biyu, dubi amfiyar da suke ja da kaurin motonsu, ya fi gaya maka gaskiya a kan adadin kwali.

Yana da kyau a duba abin da masu ƙera motocin da kansu suka zaɓa, tunda su ne ke biyan diyya idan inji ya ƙone a cikin garanti. A Amurka akwai ƙa'idar gwajin jan kaya mai suna SAE J2807. Ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne mota ta ja iyakar nauyin da aka ce tana iya ja, ta hau tudun Davis Dam a jihar Arizona, tafiyar kusan kilomita 18 ana hawa, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, iyakwandishan a ƙure, gudu kuma kada ya sauka ƙasa da kilomita 64 a sa'a ga mai taya ɗaya-ɗaya a baya. General Motors ta mayar da ƙananan Silverado da Sierra 1500 zuwa tagwayen fankokin lantarki tun samfurin 2005, Ford F-150 ma ta bi sahu daga baya, kuma suna cin wannan jarrabawa. Amma manyan 'yan uwansu na dizal, Super Duty ta Ford da Ram mai injin Cummins da Silverado HD mai Duramax, har yau inji ne ke juya fankarsu. A samfurin 2020 ma General Motors ƙara girman ta Duramax ta yi zuwa inci 28, kusan santimita 71. Toyota Hilux ta dizal da Land Cruiser 79 da Isuzu D-Max, waɗanda aka san su da aikin ƙarfi a ƙasashe masu zafi, su ma kuloci mai silikon suke amfani da shi. Kamfanonin nan suna neman duk hanyar rage shan mai ko da ɗigo ne, saboda dokokin hayaƙi sun matsa musu. Da lantarki zai iya aikin, da tuni sun canza.

Sai dai a yi wa F-150 da irinta adalci, kuma a fahimci abin da suke koyarwa. Fankar lantarki ta masana'anta ba ita kaɗai ta zo ba. An faɗaɗa lagireto, an buɗe hancin motar, an ƙara girman altaneta, an kuma koya wa kwamfuta ta riƙa ƙara gudun fankar a hankali tun kafin zafi ya taru. Tsari ne guda da aka ƙera tare. Wanda ya cire fankar inji daga motar da aka ƙera da ita, ya liƙa ta lantarki a kan lagireton da aka auna shi da iskar waccan, bai samu wannan tsarin ba. Ya samu rabinsa ne.

Inda fankar lantarki ta yi zarra kuwa, babu gardama. A silo inji yana juyawa 650 zuwa 800 ne a minti, fankar da yake ja tana tafiya a kasalance ko da kulocinta ya kama. Shi ya sa iyakwandishan na irin waɗannan motoci ke yin sanyi a kan hanya, a cunkoso kuma ya koma hura iska mai ɗumi: kondensa ba ta samun iska. Ta lantarki tana ba da cikakken ƙarfinta ko inji yana barci. Motar da aikinta tsayuwa ne, irin ta masu gyaran layin wuta ko masu sintiri ko masu rarraba kaya gida-gida, da ke shafe sa'o'i a kunne ba ta motsi, wannan fa'ida ce babba gare ta. Tana kuma barin inji ya yi ɗumi da wuri a lokacin sanyi, ba ta da ruri, tana sauke wa boris ɗin famfon ruwa nauyi a motocin da fankar ke rataye a kansa, tana kuma buɗe wa makanike wurin sa hannu. Ga masu ƙetare rafi akwai ƙari: ana iya sa mata makunni a kashe ta kafin a shiga ruwa. Fankar inji idan ta tsunduma cikin ruwa tana gudu, fukafukanta sukan lanƙwaso gaba su yanki lagireto. Amma laka da ruwan ma ba sa raga wa moton lantarki, sukan cinye burushi da boris ɗinsa a hankali.

Zancen ƙarin ƙarfi da ragin mai, a rage masa gishiri. Dawakin da ake cewa za ka ƙwato, ana auna su ne lokacin da kuloci ya kama inji kuma yana ƙurewa. A tafiyar yau da kullum fankar a sake take, abin da take ci kaɗan ne. Wutar lantarkin ma ba kyauta ba ce: altaneta tana zubar da kusan rabin ƙarfin da take karɓa daga fambel, don haka fanka mai wat 560 tana cin inji kusan doki ɗaya da rabi duk lokacin da take aiki. Akwai ragin mai, musamman a gajerun tafiye-tafiye, amma ba irin wanda zai mayar maka da kuɗin aikin nan kusa ba.

Yadda kowacce ke mutuwa ma abin dubawa ne ga wanda ke aiki nesa da gareji. Kulocin silikon yakan mutu a hankali. Man yana tsiyayewa, za ka ga baƙar ƙura mai maiƙo a goshinsa, rurin da ka saba ji a hawa ya ɓace, allura ta fara ɗagawa a wuraren da da ba ta ɗagawa. Yana ba ka makonni na gargaɗi, idan kana saurare. Wani lokaci kuma ya ƙame gaba ɗaya, ya yi ta ihu ba hutawa, wanda ke cin mai yana gajiyar da boris, amma dai ka isa gida. Ta lantarki tana da mahaɗai da yawa: fis, rile, sensa, soket, wayar ƙasa, moton kansa. Kowanne ya saki, fankar ta tsaya cak ba sallama, kuma ba za ka sani ba sai ka ga tururi. A kan inji mai kan alminiyam, tafasa ɗaya ta isa ta ƙona gasket ko ta lanƙwasa kan silinda. Tagwayen fankoki masu fis da rile daban-daban suna rage wannan haɗari sosai.

A nan ne zan yi ƙorafi a kan wata dabara da ta yaɗu: a ɗaure kulocin da ƙusa ko a yi masa walda ya zama kai tsaye, ko a haɗa fankar lantarki da makulli ta yi ta juyawa, sannan a cire tamostat, wato ƙofar da ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har inji ya yi ɗumi, a jefar. Wannan ɓoye cuta ne. Injin da ba ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 82 zuwa 95, yana shan mai fiye da kima, yana tara baƙi, silindarsa na saurin cinyewa. Fukafukan roba kuma ba a yi su don su bi inji har ƙarshen gudunsa ba, sukan tsage su tashi, su fasa lagireto ko bonet.

Mafi yawan a-kori-kurar da ke zafi ba irin fankarsu ce matsalar ba. Kafin ka sayi komai, ka samu ƴar na'urar da ake sokawa a soket ɗin OBD, wato mahaɗin da ake karanta bayanan kwamfutar mota ta cikinsa, ka ga ainihin zafin ruwa da lamba, domin allurar dashbod a motoci da yawa an saita ta ta zauna a tsakiya daga wajen digiri 80 har sama da 100, sai abu ya ɓaci take motsi. Sannan ka lura da inda zafin ke zuwa. Idan a babbar hanya ne kana gudu ba kaya, fanka ba ta da laifi: ka nemi lagireton da ya toshe ta ciki, ko murfin da ya daina riƙe matsi, ko famfon ruwa da fukafukansa suka cinye, ko gasket. Idan a silo ne kawai, ko a hawa a hankali, to iska ce ta gaza. Ka kashe inji yana da zafi sosai, ka tura fankar da hannu. Mai lafiya za ta yi tauri, ba za ta zagaya fiye da sau ɗaya ba. Wadda ta yi ta walawala ta gama aiki. Kulocin Toyota da yawa, ƙirar Aisin, ana kwance su a sake zuba man silikon, kuma Toyota da kanta tana sayar da man a ƙananan bututu. Ka duba gidan fanka, wato robar da ke kewaye da ita tana tilasta wa iska ta biyo ta lagireto. Idan ya fashe ko wani ya cire shi bai mayar ba, fankar tana dama iskar cikin bonet ne kawai. Ka wanke tsakanin kondensa da lagireto, inda ciyawa da ƙura ke taruwa ba a gani. In za ka sayi sabon kuloci ko fukafukai, ka tabbatar da ɓangaren da suke juyawa, domin injin da ke da dogon bel guda mai zagaye komai sau da yawa fankarsa baibai take juyawa.

Idan motarka tana jan tirela, ko tana ɗaukar cikakken lodi a ƙasa mai tuddai, ko tana tafiya cikin yashi a ƙaramar giya, kuma da fankar inji aka ƙero ta, ka bar ta da abinta, ka sa mata kuloci mai kyau irin na aikin nauyi. Idan sanyin iyakwandishan a cunkoso ne ke damun ka, ƙara ƙaramar fankar lantarki mai turawa a gaban kondensa, ta riƙa tashi tare da kwamfireso. Wasu motocin ma haka suke fitowa daga masana'anta, da guda biyun. Idan da ta lantarki aka ƙero motar, kada ka yi tunanin komawa baya, ka dai maye ta da mai ƙarfin ta asali idan ta mutu, ba siririya mai araha ba.

Wanda kuwa aikinsa tsayuwa da yawon gari ne, kaya marasa nauyi, ko ya sauya inji wurin fankar asali ya ƙare, canzawa zuwa lantarki na da ma'ana, da sharaɗin a yi aikin sosai. A sa mai zuƙowa ta bayan lagireto, domin ta fi mai turawa ta gaba inganci, da gidan da ya rufe fuskar lagireton duka, mai ƴan ƙofofin roba da ke buɗewa idan mota ta ɗau gudu don kada gidan ya tare iskar hanya. Kada a rataye ta da igiyoyin robar nan da ake sokawa ta cikin ramukan lagireto, girgiza za ta sa su huda bututun. Waya ta zama mai kauri, a ja ta daga batir ta fis da rile masu ƙarfi, a tuna cewa lokacin tashi moton yakan fizgi ninki biyu ko fiye na abin da yake ja a tafiya. A auna abin da altaneta ke bayarwa a silo, ba adadin da aka rubuta a jikinta ba, domin a silo takan ba da kusan rabi ne, ga fitilu ga iyakwandishan ga ƙila winci. Sensar kuma a saita ta ta tashi da digiri kaɗan sama da inda tamostat ke gama buɗewa, in ba haka ba fankar za ta yi ta aiki ba hutawa tana faɗa da tamostat. Bayan an gama, a loda wa motar irin kayan da ta saba ɗauka, a kai ta tudun da ya fi ba ta wahala da tsakar rana, na'urar OBD a kunne, tsohuwar fankar da sifanunta kuma suna bayan kujera.